Me ya sa kodin ya kwantar da Inna amma bai taɓa ciwon ƙanena ba?

Wata baiwar Allah ta aiko da tambaya kamar haka: "Ƙanena ɗan shekara 19 yana da sikila. Idan ciwon ƙashi ya taso masa akan rubuta masa ƙwayar farasitamol mai haɗe da kodin, ya sha kamar ya sha ruwa. Har wata nas ta ce mana ƙarya yake yi, allura yake nema. Amma irin ƙwayar nan aka ba Innarmu bayan an cire mata haƙori, biyu kacal ta sha, ta wuni tana barci da amai. Magani ɗaya, gida ɗaya. Me ke faruwa?"

Malama, Allah ya ba shi lafiya, ya saka muku da alheri kan jinya. Ban duba ƙanenki ba, saboda haka ba zan yanke hukunci a kansa daga nesa ba. Amma abin da kika bayyana sananne ne a ilimin haɗa magunguna, kuma yana da bayanin da bai shafi ƙarya ko shaye-shaye ba.

Abu na farko da ko cikin ma'aikatan lafiya wasu kan manta shi ne, kodin shi kansa kusan ba ya kashe ciwo. Ɗanyen hatsi ne, sai an kai shi inji kafin a tuƙa tuwo. Injin kuwa yana cikin hanta. Idan mutum ya haɗiyi ƙwayar, ta narke, ta bi jini ta isa hanta, wani furotin mai suna CYP2D6 zai kama ta ya ɓantare mata ɗan wani ɓangare ƙanƙani, nan take ta koma mofin, wato maganin kashe ciwo mai ƙarfi. Wannan mofin ɗin shi ke yin aikin. Kuma ba duka kodin ɗin ke bin wannan hanya ba, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ne kawai a jikin yawancin mutane. Sauran wasu injuna ne ke sarrafa shi, ƙoda ta fitar da shi a fitsari. Kin ga ke nan duk ƙarfin maganin ya rataya ne a kan siririyar igiya ɗaya.

To me mofin ke yi idan ya samu? A nan sai mun ɗan leƙa yadda tantanin jiki ke karɓar saƙo. Ɗauki kowane tantanin jijiya tamkar gida mai katanga. Baƙo ba ya kutsawa cikin gida, a zaure yake tsayawa ya yi sallama. Zauren shi ne furotin da ke jikin bangon tantanin, wanda muke kira makarɓa, wani sashensa yana waje, wani yana ciki, ya ratsa bangon sau bakwai. Idan baƙon da ya dace ya zauna a zauren, makarɓar sai ta sauya siffa, ta zaburar da wani ɗan aike da ke manne da ita ta ciki, wato furotin G. Shi ne zai ruga cikin gida da saƙo. A makarɓar da mofin ke zama, wadda ake kira miyu, saƙon shi ne a yi shiru. Ɗan aiken ya rage wani sinadari mai suna cAMP, ya rufe ƙofofin shigar kalsiyam, ya buɗe na fitar fotasiyam, sai jijiyar ta yi sanyi, ta daina miƙa labarin ciwo daga laka zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙashin yana nan da ciwonsa, labarin ne bai isa fada da ƙarfi ba.

Matsalar ita ce irin wannan zaure ba a hanyar ciwo kaɗai yake ba. Akwai shi a hanji, shi ya sa bayan gida ke ƙin fita. Akwai shi a wurin da ke tayar da amai, abin da ya sami Inna ke nan. Akwai shi kuma a gindin ƙwaƙwalwa, inda ake buga kiɗan numfashi ba tare da mutum ya sani ba. Idan mofin ya yi yawa, mai kiɗan ne ke yin barci, numfashi ya ragu har ya tsaya. Wanda kodin ko tiramol ya kashe, galibi ta nan ya tafi.

An daɗe ana shan waɗannan magunguna kafin a san inda suke zama. Wani Bafaranshe, Pierre Robiquet, ya tace kodin daga ofiyam, wato ƙaron wani tsiro mai sa maye, tun 1832, amma sai a 1973 Candace Pert da Solomon Snyder a Amurka, tare da wasu rukunoni biyu da suka yi aiki daban, suka nuna akwai makarɓar a ƙwaƙwalwa. Bayan shekara biyu John Hughes da Hans Kosterlitz a birnin Abadin na Sikotlan suka gano cewa jiki yana haɗa nasa mofin ɗin, wato zauren don 'yan gida aka gina shi, mofin baƙo ne da ya yi kama da su. Irin waɗannan makarɓai masu ɗan aiken G sun kai kusan 800 a jikin ɗan Adam, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na magungunan da ake sayarwa a kansu suke aiki. Aikin da aka yi kan su ne ya ba Robert Lefkowitz da Brian Kobilka lambar Nobel a 2012.

Mu koma kan injin hanta, domin nan amsarki take. Umarnin ƙera CYP2D6 yana rubuce a ƙwayar gado da ke kan kuromosom na 22 (kuromosom shi ne zaren da ƙwayoyin gado ke jere a kansa), kowa kuma yana karɓar kofi ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wannan ƙwayar gado tana cikin mafi yawan sauye-sauye da aka sani, an rubuta nau'o'inta fiye da 100. Wani nau'in yana ba da inji lafiyayye. Wani injinsa yana aiki amma da ƙyar, kamar wanda bel ɗinsa ya saki. Wani ba ya tashi sam, wani ma babu injin gaba ɗaya, an goge ƙwayar gadon. Akwai kuma wanda ya gaji injuna biyu ko uku a jere a wurin da ya kamata a sami ɗaya. A 1993 masu bincike a Suwidin, ƙarƙashin Magnus Ingelman-Sundberg, suka samu wani iyali da ke ɗauke da kofi 13 a kuromosom ɗaya. Ki ƙiyasta abin da ƙwayar kodin biyu za ta zama a irin wannan hanta.

Yadda aka gano lamarin ma abin ji ne. A 1975 wani masanin magunguna a asibitin St Mary's da ke Landan, Robert Smith, ya sha wani maganin hawan jini mai suna debirisokwin tare da abokan aikinsa, don su ga yadda jiki ke sarrafa shi. Sauran ko gezau, shi kuwa jininsa ya faɗi warwas, ya kasa tsayuwa. Da aka auna fitsarinsa sai aka ga maganin ya fito kusan yadda ya shiga, hantarsa ba ta taɓa shi ba. Suka bi sawu cikin mutane da iyalai, suka buga sakamakon a 1977: abin gado ne. A Jamus Michel Eichelbaum ya ci karo da irin wannan a kan wani magani daban, daga baya aka gane inji ɗaya ne. Lura da wani abu a nan, Malama. Ga maganin Smith, injin kashe magani yake yi, don haka mai mataccen inji magani ke taruwa ya yi masa yawa. Ga kodin kuwa injin tayar da magani yake yi, mai mataccen inji bai samu komai ba. Gado ɗaya, sakamako biyu masu kishiyantar juna. Kuma kusan kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na magungunan da ake rubutawa ta wannan inji suke bi, ciki har da wasu na ciwon damuwa, na bugun zuciya, da tamoksifen na sankarar mama.

Rabon waɗannan nau'o'i ya bambanta tsakanin al'ummu. A Turai, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ba su da injin mai aiki ko kaɗan. A Habasha abin ya juya: wani bincike na 1996 ya samu kashi 29 cikin ɗari na waɗanda aka gwada suna ɗauke da ƙarin kofi, kuma adadin yana da yawa a Saudiyya da arewacin Afirka. Wasu masana na hasashen cin tsirrai masu ɗaci da guba a zamanin yunwa ne ya fifita masu injin da yawa, amma hasashe ne. A Afirka kudu da Sahara kuwa, wanda ya fi damun mu shi ne nau'i na 17, wanda Collen Masimirembwa na Zimbabuwe ya bayyana a 1996, da ɗan'uwansa na 29. Su ne masu sakakken bel. Injin yana juyawa, garin da ke fita kaɗan ne. Nau'i na 17 ya yawaita sosai cikin baƙar fata, da wuya a same shi a Bature, don haka gwajin da aka tsara da jinin Turawa zalla yana iya tsallake shi ya ce mutum lafiya lau yake.

Za ki ce ai uwa da ɗa ne. Haka ne, amma rabin gadonta kawai ya ɗauka. Yana yiwuwa Inna tana da kuromosom ɗaya mai injuna da yawa da ɗaya mai rauni, shi kuma ya ɗauki mai raunin daga gare ta, ya haɗa da wani mai rauni daga mahaifinku. Ke ma da kuke ciki ɗaya kina iya bambanta da shi.

Sai dai ba zan ɗora komai a kan gado ba, domin akwai wasu abubuwa da ke iya ba da hoto iri ɗaya. Inna ta manyanta, kuma jikinta bai saba da irin maganin ba, ƙanenki kuwa ya yi shekaru yana sha. Makarɓar miyu idan aka yi ta ƙwanƙwasa mata, sai tantanin ya maƙala mata alama, wani furotin mai suna arestin ya zo ya toshe ɗan aiken, wani lokaci ma a janye zauren zuwa cikin gida. Wannan sabon jiki ne, ba jaraba ba ce, kuma rikita su biyun ya jawo wa masu sikila wulaƙanci mai yawa. Sannan ciwon haƙori da ciwon ƙashin sikila ba sa'o'in juna ba ne. Ko mai lafiyayyen inji, idan rikicin sikila ya yi tsanani, kodin ya yi masa kaɗan. Haka kuma wasu magunguna suna danne injin, kamar fuloksetin da faroksetin na ciwon damuwa, da kwinidin. Mai shan su zai zama kamar wanda aka haifa ba injin, muddin yana sha.

Akwai wani labari da aka buga a 2004 daga Janiba ta ƙasar Suwizalan da nake yawan ba ɗalibai. Dattijo ne ɗan shekara 62, an kwantar da shi da ciwon huhu, aka ba shi kodin miligiram 25 sau uku a rana don tari. Wannan ƙaramin awo ne ƙwarai. A rana ta huɗu ya daina amsawa, numfashi ya yi ƙasa, sai da aka yi masa allurar naloksan, mai korar mofin daga makarɓarsa, sannan ya farfaɗo. Da aka bincika, abu uku ne suka haɗu: yana da ƙarin kofin CYP2D6, magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ake ba shi sun toshe ɗaya hanyar da hanta ke bi ta zubar da kodin, ƙodarsa kuma ta raunana. Ba wanda ya yi kuskuren awo. Irin haka, da mutuwar ƙananan yara bayan tiyatar maƙogwaro, ya sa hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi mai tsanani a 2013, a 2017 kuma ta hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 12 kodin ko tiramol, ta kuma shawarci mata masu shayarwa su guje su.

Na ambaci tiramol da gangan, domin na san shi ne abin da mai kemis zai miƙo muku idan kuka ce kodin ba ya yi. Kada ku karɓa da tunanin kun canza hanya. Tiramol, wanda kamfanin Grünenthal na Jamus ya haɗa a 1962 ya fitar kasuwa a 1977, shi ma ta injin nan yake bi kafin ya iya zama a makarɓar miyu da ƙarfi. Wanda kodin bai yi wa ba saboda hanta, tiramol ma da wuya ya gamsar da shi. Abin da ya fi muni, ɓangaren da ba a niƙa ba yana da nasa aikin, yana tara sinadaran serotonin da noradirenalin a ƙwaƙwalwa, kuma idan ya yi yawa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Mai raunin inji zai yi ta ƙara ƙwaya yana neman sauƙin da ba zai zo ba, ya tarar da jijjiga a hanya. Iyakar babba a rana miligiram 400 ne, a Najeriya kuma mai 50 da mai 100 aka amince da su, amma na bayan fage da ke yawo a tasha da kasuwa akwai mai 225. Biyu sun haye iyaka. Shi ma kodin na ruwa, kowa ya tuna yadda ya yi ɓarna a Arewa har gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tari mai ɗauke da shi da shigo da shi a watan Mayun 2018. Samari biyu su raba kwalba ɗaya, ɗaya ya tashi, ɗaya a kai shi makwanci, a ce ajali, kuma ajalin ne, amma sababin yana iya kasancewa a hanta.

Bari in ɗan ratse, don abin ya shafi maƙwabtanmu. A 2013 wasu masu bincike a Faransa suka sanar cewa sun sami tiramol a saiwar tafashiya da aka haƙo a Kamaru, duniya ta ɗauka ga bishiya tana haɗa abin da Jamusawa suka ƙera a ɗakin gwaji. Bayan shekara guda wani rukuni daga Jamus da Kamaru ya koma ya duba, ya samu tiramol a ƙasa da ruwa da saiwar wasu tsirrai ma, a yankin arewa mai nisa inda manoma ke sha su kuma ba shanun huɗa don su jure aiki. Dabbobin na fakewa a inuwar bishiya su yi fitsari, saiwa ta tsotsa. Daga baya wani awo na ɗakin gwaji ya nuna tiramol ɗin na masana'anta ne.

Masu neman sababbin magunguna sun daɗe suna mafarkin raba kashe ciwo da tsayar da numfashi. Daga 1999 gwaje-gwaje kan ɓerayen da aka cire wa arestin suka sa aka yi zaton ɗan aiken G ne ke kai saƙon sauƙi, arestin kuma ke kai na illa. Aka zuba kuɗi a neman baƙon da zai tayar da ɗaya ya bar ɗaya, har aka amince da wani magani mai suna oliseridin a Amurka a 2020. Amma wasu ɗakunan bincike da suka maimaita gwajin ɓerayen ba su samu abin da aka ce ba, maganin ma yana ɗauke da gargaɗin numfashi kamar sauran. Ni dai na fi sa rai da ɗaya hanyar, ta barin makarɓar miyu gaba ɗaya. A 2006 aka bayyana wasu iyalai a arewacin Pakistan da 'ya'yansu ba su san ciwo ba sam, saboda wata ƙofar sodiyam a jijiyoyinsu ba ta aiki. Wannan ya ƙara wa neman maganin da zai toshe irin ƙofofin ƙaimi, a Janairun 2025 kuma aka amince da suzetirijin, mai toshe 'yar'uwar waccan ƙofa a jijiyoyin da ke wajen ƙwaƙwalwa. Yaushe zai iso kemis ɗin unguwa da farashin da talaka zai iya, wannan wata magana ce.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, Afirka ta fi kowace nahiya bambancin ƙwayoyin gado, amma kaso ƙalilan ne na manyan binciken gado na duniya aka yi da jininmu. A 2020 shirin binciken gadon 'yan Afirka mai suna H3Africa ya karanta gadon mutum 426 kacal daga ƙabilu 50, ya samu sauye-sauye fiye da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba. Mun riga mun ɗanɗana kuɗar wannan giɓi da efabirenz na cutar ƙanjamau: awon miligiram 600 ya sa mutane da yawa a nan jiri da munanan mafarkai, domin nau'i mai jinkiri na CYP2B6, wani injin hanta daban da ke sarrafa maganin, ya fi yawa cikinmu. A asibitin St Jude da ke Memfis a Amurka ana gwada CYP2D6 na yara masu sikila kafin a rubuta musu kodin. A wurinmu, inda masu sikila suka fi na ko'ina yawa a duniya, gwajin bai zama ruwan dare ba, jikin majiyyaci ne ɗakin gwajin. Shi ya sa maganarsa take da nauyi. Na taɓa tsayawa a gefen gadon wani saurayi a wani asibiti da na yi aiki, ya dunƙule kamar jariri, gumi ya jiƙa zanin gadon, yana cije da bakin filo, a takardarsa kuma wani ya rubuta cewa mai neman ƙwaya ne. Kwana biyu ana ba shi abin da tun ranar farko ya ce ba ya yi masa. Da aka sauya zuwa mofin, kafin la'asar ya zauna yana shan kunu.

Ga abin da za ku yi. Kada ya ƙara yawan ƙwayar da kansa, domin ko kodin ɗin bai yi aiki ba, farasitamol ɗin da ke ciki yana aiki, kuma wuce giram 4 a rana yana ƙona hanta a ɓoye, sai bayan kwana biyu ko uku ido ya yi rawaya, abin da a mai sikila za a iya ɗauka ciwonsa ne na kullum. Kada a bi mai kemis a fara allurar fenta, wato fentazosin, a gida, ta lalata cinyoyin masu sikila da yawa da gyambo, kuma tana iya rage wa mofin ƙarfi idan an zo ba shi a asibiti. Ku nemi likitan jini a asibitin da yake zuwa, a ranar da yake lafiya, ba tsakiyar dare yana murƙususu ba. Ƙanenki ya rubuta a takarda abin da ya sha, nawa, ƙarfe nawa, da yadda ciwon yake bayan awa ɗaya, tare da sunan duk wani magani da yake sha, har na gargajiya. A nemi likitan ya rubuta masa tsarin jinya na kansa wanda zai riƙa nunawa a sashen gaggawa. Mofin ba ya buƙatar wancan inji, kodayake sai an duba ƙodarsa, domin abin da hanta ke mayar da shi ta ƙoda yake fita. Ku kuma tambaya ko ya dace a ɗora shi kan haidiroksiyuriya, wanda ke rage yawan tasowar ciwon tun daga tushe, kuma an gwada shi a kan yara masu sikila a Kano.

Ita kuwa Inna, duk asibitin da ta je nan gaba ta faɗa musu ƙwayar kodin biyu ta kwantar da ita wuni guda, a rubuta a katinta, tiramol ma a yi hattara da shi. Idan cikin 'yan'uwanki mata akwai mai shayarwa, ki gaya mata labarin kafin wani ya miƙo mata irin ƙwayar bayan haihuwa.